Askata tana sheƙi kamar madubi amma ta ƙi cin gashi

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani ku taimaka mini, abin ya ishe ni. Wata biyu ke nan na sayi aska mai naɗewa, irin ta Turawan da, wadda bakinta yake shigewa cikin ƙota. 'Yar China ce mai araha, don koyo na saye ta, saboda reza tana fesa mini ƙuraje a wuya. Da ta iso, ko gashin hannu ba ta ɗauka. Na duba kuɗin duwatsun washi na Japan, na ga ba layina ba ne, sai na yi odar ledar nan ta washi da ake shimfiɗawa a kan gilashi. An kawo mini kala shida: mai lamba 30, 12, 9, 3, 1 da 0.3. Na ce tunda kaifi nake nema bari in tafi kai tsaye ga masu laushin. Kwana uku ina gurza ta a kan mai lamba 3 da mai lamba 1. Wallahi yanzu bakin har fuskata nake gani a ciki. Jiya na sa sabulu na ɗora ta a kumatu, hawaye ne kawai bai zubo ba. Fizgar gashin take yi. Askar ce ta banza, ko ledar ce, ko ni ne?

Bazazzagi:
Kai ne. An gama magana. 😂 Bakano ya ga araha ya afka.

Ɗan Fagge:
Na ji. Ku da kuka yi ta karatu a Zariya, sai ka kawo mana maganin abin.

Injiniyan Waya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, duk da wasa yake yi, Bazazzagi ya faɗi gaskiya. Bari in fara da ita ledar, don a wurin aiki na san ta tun kafin in san ana wasa aska da ita. Asalinta ba don aska aka yi ta ba. Mu masu aikin wayar intanet ta gilashi da ita ake goge kan wayar kafin a jona, domin ɗan ƙarzane kaɗan a wurin yana hana haske wucewa daidai. Leda ce mai ƙarfi, siririya, an shafe fuskarta ɗaya da garin abu mai tauri, galibi alminiyam oksaid, wata kuma garin lu'ulu'u. Lambar da ka gani a jiki girman ƙwayar garin ne da ma'aunin maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Gashin kan mutum kaurinsa yana tsakanin maikiron 50 zuwa 100, ka ga ke nan ƙwayar mai lamba 1 ba ta da wani girman da za ta ci ƙarfe da yawa. Gogewa kawai take yi.

Shi kuwa bakin aska fuska biyu ne, ta dama da ta hagu, suna gangarowa su haɗu a layi ɗaya. Wannan haɗuwar ita ce kaifi. Askokin nan masu araha yawanci daga kamfani fuskokin ba su haɗu ba, akwai ɗan fili a tsakaninsu da ido ba ya gani. Kai ka je ka goge fuskokin biyu sun yi ƙyalli, amma filin yana nan inda yake. Ko shekara ka yi a kan mai lamba 1 da wuya ka cinye shi.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah. To ya zan gane ko sun haɗu?

Injiniyan Waya:
Hanya biyu. Ka tsaya ƙarƙashin ƙwan lantarki ko hasken rana, ka juyo bakin sama yana kallonka, ka ɗan karkata shi. Bakin da ya haɗu ba ya mayar da haske, baƙin layi kawai za ka gani. In ka ga wani farin zare yana walƙiya, wurin bai haɗu ba. Ta biyu, ka samu alƙalamin maka mai baƙar tawada ka shafe gangaren bakin duka biyun, daga gindi har tsini, ka ja ta sau biyu ko uku a kan leda, ka duba. Inda tawadar ta rage, wurin ba ya taɓa leda.

Baba Wanzami:
Salamu alaikum. Jikana ne yake karanta mini, shi ne kuma yake rubutawa. Ni dai na ji abin mamaki yau. Leda? Ledar da ake zuba ƙosai? Shekarata 40 da ɗoriya ina rataye da zabira, na gada wurin mahaifina, shi ma ya gada. Dutsen da nake washi da shi nasa ne, tsakiyarsa har ta yi kwari. Ruwa kaɗan, in ja aska, in goga a fata, in ƙarasa a tafin hannu. Jariri ɗan kwana bakwai nake yi wa askin suna da ita yana barci bai farka ba. Ku kuma kun tara lambobi kamar masu lissafin banki, aska ta ƙi ci. Yaro, kawo askar nan in wasa maka, ka huta.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi da kuna Kano da yau ɗin nan na zo.

Injiniyan Waya:
Baba, Allah ya ja kwana. Ba mai ja da hannunku. Amma abin da kuke yi ba ya sayuwa a kasuwa, shekara 40 ce ta ba ku shi. Shi wannan bawan Allah ba shi da uban gida a sana'ar, ba shi da dutsen gado. Ledar tana ba shi abu biyu da ɗan koyo yake buƙata: wuri shimfiɗaɗɗe da ba ya yin kwari, da kuma sanin ainihin kaushin abin da yake gurzawa a kai.

Baba Wanzami:
To ai ga shi ya san lambar, bai san aska ba.

Bazazzagi:
Baba ya ci wannan zagayen. 😂

Na Jamus:
Sannunku. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma wannan fagena ne. Ina zaune ba nisa da Solingen, garin da ya yi suna da wuƙaƙe da askoki, kuma shekaru ke nan da irin wannan askar nake gyaran fuska. Akwai abin da ya kamata a bambance tun kafin a yi nisa. Askar Baba da askar Ɗan Fagge ba abu ɗaya ba ne, don haka washinsu ma ba ɗaya ba ne. Irin ta Turawa an rarake cikinta ta gefe biyu, ya zama gadon bayanta mai kauri, bakinta siriri kamar takarda. An yi haka ne da gangan: in ka kwantar da ita, gadon baya da baki su taɓa dutse tare, ita da kanta take ba ka kusurwar washi. Aska mai faɗin milimita 19 da gadon baya milimita 5 da rabi tana ba da kusan digiri 16 zuwa 17. Aikinka kawai kada ka ɗaga bayan. Ɗan Fagge, tsakaninka da Allah, kana ɗaga bayan kamar mai wasa wuƙar yanka?

Ɗan Fagge:
...Ranar farko na ɗaga kaɗan. Na ga kamar ta fi ci.

Na Jamus:
Na sani. Kowa ya taɓa wasa wuƙa hannunsa can yake zuwa. To ka ƙara wa kanka aiki, domin ka yi wa bakin wani sabon gangare a kan na asali, kuma ka dunƙule shi. Sai an koma mai kaushi an share duka.

Ɗan Maƙera:
Maganar Na Jamus haka take. Mu da muke ƙera wa wanzamai aska, da tsohon magagari ko sifirin ɗin mota muke yi. A buga, a fitar da baki, a tsoma don ta yi tauri, a wasa. Ba ma auna kaurin bayanta da rula, kuma ba a rarake cikinta. In ka kwantar da ita ɓam a kan gilashi, cikinta ne zai taɓa, ba bakin ba. Dole hannu ne zai riƙe kusurwa. Shi ya sa dutsen Baba mai kwari bai dame shi ba, hannunsa ya san kwarin. Amma ka ɗora askar Bature a wannan dutsen, ka lalata ta.

Kuma ina roƙo, kada wanda ya ba Ɗan Fagge shawarar ya kai ta wurin masu injin washi na bakin kasuwa. Bakin nan ba shi da kauri, daƙiƙa biyu ya isa ya ɗauki zafi. Da zarar ka ga ƙarfe ya yi ruwan shuɗi, taurinsa ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba.

Ɗan Fagge:
Saura kaɗan in kai ta jiya. Allah ya tsare.

Injiniyan Waya:
To bari in faɗa maka yadda nake yi, ka ɗauki abin da ya yi maka. Da farko abin shimfiɗa. Ka je wurin masu yanka gilashi su yanko maka mai kauri, milimita 8 ko 10, faɗinsa kamar yatsu huɗu, tsawonsa kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Ka ce su goge gefunan, don kada ya yanke ka ko ya kama askar. Gutsuren dutsen nan mai sulɓi da ake shimfiɗawa a saman kanta ma yana yi. Tayil kuwa ka yi hattara, ba kowanne ne miƙaƙƙe ba. In za ka saya a Ƙofar Ruwa, tafi da rular ƙarfe, ka ɗora a kai ka ɗaga wa haske. In haske ya ratso ta ƙasa, ajiye shi.

Ka yanka ledar daidai faɗin gilashin. Akwai mai gam a baya, akwai marar gam. Na fi son marar gam: ka jiƙa gilashi, ka shimfiɗa ta, ɓangaren mai sheƙi a ƙasa, mai dishi-dishi a sama, ka sa tsohon katin banki ka matse ruwa da iska daga tsakiya zuwa gefe. Ruwan ne zai riƙe ta. Ka yayyafa wani ruwan a sama.

Ka fara da mai lamba 30 tunda ka ɓata gangaren, in ba haka ba da 12 ta isa. Ka yi ta jan gefe ɗaya, baki a gaba kamar za ka fere ledar, da ɗan nauyin hannu kaɗan, har sai ka shafa ɗaya gefen da yatsa daga baya zuwa baki ka ji wani ɗan leɓe ya tankwaro, yana kama fatar yatsa. Ka tabbata ka ji shi daga gindi har tsini, ba a tsakiya kawai ba. Sai ka juya ka yi wa ɗaya gefen adadin da ka yi wa na farko, har leɓen ya koma can. Wannan leɓen shi ne shaidar fuskokin sun haɗu. Daga nan sai ka riƙa ja ɗaya nan ɗaya can, kana rage nauyi, har ya faɗi. In ta fara aske gashin hannu a nan, ka gama kashi mafi wuya. Sauran, 12, 9, 3, 1, kowacce aikinta ta share ƙarzanen wadda ta gabace ta. Ni nakan yi ja 50 zuwa 60 a kowacce, ba nauyi sai na askar kanta. Wurin juyawa ka mirgina ta a kan gadon bayanta, kada ka juya ta kan baki, in ba haka ba ka yanka ledar ka kuma dakusar da aikinka.

Na Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa. Injiniya ka manta babban abokin gaba a wajenmu: ƙura. Ni na gwada ledar nan bara cikin hunturu, a tsakar gida. Ƙwayar rairayi ɗaya ta shiga ƙarƙashinta, ban gani ba. Ina ja sai na ji "ƙis". Na duba, ga ɗan giɓi a bakin aska, ga leda ta tsage. Aikin awa biyu ya tafi. Tun daga ranar a ɗaki nake yi, ƙofa rufe, in wanke gilashi, in wanke leda gaba da baya, in wanke askar da hannuna duk lokacin da zan canza lamba. Ƙwaya ɗaya ta mai lamba 30 in ta bi ka zuwa kan mai lamba 1, za ta zana maka layi a bakin.

Injiniyan Waya:
Wannan gaskiya ne, na gode da tunatarwa. Kuma kowace lamba a ajiye ta a ambulan ɗinta, a rubuta lambar a bayanta da maka tun ranar da aka yanka. Kada a dogara da kala. Ta kamfanin 3M mai lamba 12 rawaya ce, 9 shuɗiya, 3 ruwan hoda, 1 kore mai haske, 0.3 fara, amma wasu kamfanonin kalarsu daban.

Na Jamus:
Duk na yarda, sai abu ɗaya. Ni ban ga dalilin da zai bar gadon bayan askarsa yana cin leda mai lamba 30 tsirara ba. Ya manna salatif ɗin lantarki ɗaya a bayan. In ba haka ba zai gama ya ga bayan ya shafe, ya yi faɗi, askar ta yi muni.

Injiniyan Waya:
A nan kam mun rabu, Malam. Kai da kanka ka ce kaurin baya da faɗin aska su ke ba da kusurwa. In baki yana cinyewa, baya ba ya cinyewa, ai kusurwar ƙaruwa take yi a hankali. An yi su ne su tsufa tare. Kuma askokin nan na China da ma bayansu ya cika kauri, cin da leda za ta yi masa gyara ne. Ga salatif yana barin danƙo a kan leda.

Na Jamus:
Salatif ɗaya kusan digiri ɗaya yake ƙarawa, fuskarka ba za ta taɓa sanin bambancin ba. Kuma ɗan koyo hannunsa nauyi gare shi, rabin ƙarfinsa a kan baya yake sauka. Na ga askokin garin Sheffield na Ingila da suka haura shekara 100 waɗanda masu washi suka cinye musu baya har sun zama abin tausayi.

Injiniyan Waya:
Wannan askar tarihi ce, ita kam a sa mata. Ta Ɗan Fagge fa? Kuɗinta bai kai na cefanen kwana biyu ba.

Na Jamus:
To shi ke nan, a kan tasa na sallama. Amma in ya fara da salatif ya ƙare da shi, in ya fara babu ya ƙare babu. Kada ya cire a tsakiya, don bakin zai daina taɓa leda.

Bazazzagi:
Ku dai ku gama, mutum yana can gemu ya kai ƙirji.

Anti Nas:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen, aikina ne ya sa ba zan iya shiru ba. Ɗan Fagge fuskarsa kaɗai zai aske, ba ni da magana da shi. Amma na ga akwai masu shago da wanzamai a zauren nan, kada wani ya ji daɗin washi ya koma yi wa jama'a aski da aska ɗaya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7, a cikin jinin da ido ba ya ma gani. Washi ba ya kashe ta, goga wa fata ba ya kashe ta. Baba, da girmanku, maganar tafin hannu da askar jariri ta tsaya mini a rai. Muna ganin abin da ke biyo baya a asibiti.

Baba Wanzami:
'Yata, ba ki faɗi ƙarya ba, kuma ba yau na fara jin wannan ba. An tara mu an yi mana bayani tun shekarun baya, Sarkin Askanmu yana wurin. Yanzu askin suna da kaciya sabuwar reza nake ɓarewa a gaban uban yaro. Askar gado kuwa tana nan ga dattawan da suka saba, kuma da yawansu kowa da tasa, a gidansa take kwana, ni dai in zo in wasa in aske. Abin da na faɗa ɗazu labarin yadda muka taso ne. Amma ki sani reza ba ta kai ta daɗi a kai ba, wannan ko a gaban likita zan faɗa.

Anti Nas:
Allah ya saka da alheri, Baba, hankalina ya kwanta. Daɗin kuma na bar muku, ba ni da gemu. Iyaye dai a kai jarirai rigakafin cutar hanta tun ranar haihuwa, kafin ma a kai ga ranar suna.

Mai Shagon Aski:
Anti, mu a shago muna zuba sifirit mu kunna wuta a bakin kilifa. In aka yi wa aska haka fa?

Ɗan Maƙera:
Kada ka soma. Abin da na faɗa kan injin washi shi ne a nan. Bakin aska ya fi bakin kilifa siranta nesa ba kusa ba, harshen wuta yana taɓa shi ya saki. Kuma ruwan bilic yana cin irin wannan ƙarfen, ka wayi gari ka ga tsatsa.

Anti Nas:
Kuma wutar daƙiƙa biyu ba ta ba da tabbacin komai. Don jama'a, reza sabuwa ga kowane kai. Akwai ƙota mai kama da askar da ake sa rabin reza a ciki, ita ce ta shago.

Shugaban Zaure:
An gode wa Anti. A dawo kan leda don Allah, mai tambaya bai samu biyan buƙata ba tukuna.

Ɗan Fagge:
Na dawo. Na samo gilashi, na yi gwajin maka kamar yadda Injiniya ya ce. Tsakiya da tsini tawada ta goge, amma wajen gindi, kamar faɗin yatsa ɗaya, tana nan baƙa ƙirin a gefe ɗaya. Na yi ja ya fi 200 a mai lamba 30, leɓe ya fito ko'ina ban da wurin. Na ƙara danna hannu, shiru.

Na Jamus:
Daina dannawa! Bakin siriri ne, in ka danna lanƙwashewa yake yi, ainihin bakin ya ɗaga sama, ka yi ta cin bayansa. Duba gindin askar, inda bakin ya ƙare ya haɗu da wuyan da ake riƙewa. Za ka ga wata 'yar kafaɗa mai kauri. A askoki masu araha takan sauko har kusa da baki, sai ta hau kan gilashi ta ɗaga gindin. Ka karkata askar, gindi ya riƙa gaba, kafaɗar ta zauna a wajen gilashin, kada ta hau. Sannan ka riƙa ja a karkace, kana sauko da ita daga gindi zuwa tsini kamar kana zana X. In duk da haka ta ƙi, to askar ce ta ɗan murɗe, sai ka yanka ledar siririya, faɗin yatsu biyu, a kan gilashi siriri, don kowane sashe na bakin ya samu rabonsa.

Wannan ma yana cikin abin da ya sa ban bar dutse ba. Gilashi ba ya yafiya, miƙaƙƙe ne ɗoɗar, askoki kuwa da yawansu ba miƙaƙƙu ba ne.

Injiniyan Waya:
Dutsen Japan ma ai miƙaƙƙe ne in ka gyara shi, kuma sai ka yi ta gyaran, don yana yin kwari. Sai ka sayi wani abin na daban da za ka riƙa daidaita shi. Mai lamba 1,000, mai 3,000, mai 8,000, mai 12,000 (shi dutse lambarsa tana hawa ne laushinsa yana ƙaruwa), kowanne da kuɗinsa, ga nauyi wurin kawowa. Leda kuwa a ambulan take zuwa. Mai lamba 3 tana kusa da dutse mai 8,000, mai lamba 1 kusa da 14,000. Falle ɗaya ina fitar da yanka uku, yanka ɗaya yana yi mini aska kusan goma kafin ya mutu.

Na Jamus:
Ban musa araha ba. Amma yanka yana mutuwa, dutse kuwa ga na Baba nan ya ga jikoki. Kuma maganar da ta fi damuna ita ce daɗin baki. Ina da dutsen Beljiyam, rawaya, wanda ake haƙowa a yankin Vielsalm. Ƙwayoyin da ke cikinsa masu ɗan zagaye ne, ba masu tsini ba, don haka bakin da yake bayarwa yana yanke gashi ya bar fata lafiya. Bakin leda, musamman in an kai 0.3, kaifi ne mai zafin rai. Ranar da na fara gwadawa, fuskata kamar an shafa barkono.

Injiniyan Waya:
Shi ya sa ban sa 0.3 a lissafina ba. Ni a 1 nake tsayawa, kuma ga dabarar: in ka gama ja 50 ɗinka, ɗaga ledar, ka shimfiɗa farar takarda ɗaya a jiƙe a kan gilashin, ka mayar da ledar a kanta, ka yi ja 20 marasa nauyi. Takardar tana ba da ɗan laushi, zafin bakin ya ragu. Sai fata, ja 50, wannan karon gadon baya ne a gaba, baki yana bi.

Baba Wanzami:
Ah to. Duk kun zaga kun zaga kun dawo kan fata. Da ma na san za ku zo.

Ɗan Fagge:
Jama'a albishirinku! Kafaɗar ce. Da na karkata ta, ja 40 ban cika ba leɓe ya fito a gindi. Na bi 12, 9, 3, 1, na sa takarda, na goga a bayan tsohon bel ɗina na fata tunda ba ni da ta wanzamai. Na je wurin abokina mai gyaran waya a Farm Centre muka duba a madubinsa na aiki mai ƙara girman abu, layin bakin ya tafi santal, sai ɗan ƙarzane biyu wajen tsini. Da safen nan na yi aski. Kumatu kamar ana share ruwa, har wata 'yar ƙara take yi. A haɓa dai na yanke kaina sau biyu, kuma wuya na bar shi sai hannu ya faɗa.

Na Jamus:
Barka! Yankan haɓa ba laifin washi ba ne. Ka kwantar da ita sosai, tazarar bayanta da fata kada ta wuce kaurin bayan sau ɗaya ko biyu, ka ja fatar da ɗaya hannun. In ka gama ka shanya ta sarai ka shafa mata ɗigon man keke, damina na zuwa. Kuma ba kullum za ka koma leda ba. Fata kafin kowane aski, in ta fara fizga bayan wata biyu ko uku, mai lamba 1 kaɗai ta isa.

Bazazzagi:
Bel ɗin da ka goga, da me ka ɗaure wando ka fita?

Baba Wanzami:
Yaron kirki, Allah ya yi albarka. Injiniya, jikan nan nawa ya dame ni, wai sai mun gwada. Wani abokinsa ya kawo mana yanka ɗaya, kore mai haske. Mun shimfiɗa a gilashin taga, na ɗora askata, ja na farko ta raba ledar biyu.

Ɗan Maƙera:
Baba, ai na faɗa, taku ba ta kwanciya, kuna ɗaga bayanta ne, sai bakin ya nutse. In za ku sake, ku ja ta da baya kamar yadda kuke yi a fata, bayan kun gama da dutse.

Baba Wanzami:
Haka jikan ya ce, mun yi da guntun da ya rage. Ba laifi, ta yi sumul, na yi wa askar maƙwabcina haka, na aske masa da ita ya ce yau hannuna da sanyi. Ban gaya masa komai ba. Injiniya, in za ka aiko, mai lamba 1 ɗin nan falle biyu, kuma ka haɗo da katin bankin, ni ba ni da shi.